Abin da Ke Tsaga Tukunya a Cikin Wuta

Yumɓun tukwanen da ake sayarwa a kasuwar Jalingo yana ɗauke da yashi, yashi kuwa galibinsa ma'adinin kwats ne. Ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa kullum karkarwa suke, zafi na ƙaruwa karkarwar na tsananta. Da wuta ta kai digiri 573 na Salsiyos, sai tsohon jerinsu ya kasa riƙe wannan motsi, su koma sabon tsari mai ba su sararin girgiza. Nan take kwats ya kumbura da kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Bafaranshe Henri Le Chatelier ne ya gano haka a 1889. Kumburin ba shi da yawa, amma idan gefe ɗaya na tukunya ya haura wannan zafi ɗayan bai kai ba, sai ta tsage.