Kafin shekara 30: Jerin burin samarin Babankatami da lissafin da ake yi da rani

A shafukan Facebook da TikTok na matasan Yamai, Maraɗi da Kano an saba ganin wanda zai jero abubuwan da yake so ya cimma kafin ya cika shekara 30: kammala digiri, samun aiki, koyon tuƙi, zuwa Umara. Ranar da ya cika sai a yanka kek, a ɗauki hoto, a ƙirga abin da aka samu da wanda ya kuɓuce.

A Babankatami, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Bouza a jihar Tahoua, da maƙwabtanta na Keita da Madaoua, irin wannan jeri ya girmi wayar salula. Ba a rubuta shi ne kawai, domin kowa ya haddace. Saurayi ya gina ɗakinsa, in da hali mai rufin kwano. Ya yi aure. Ya mallaki babur, wanda zai iya yin kabu-kabu da shi. In yana da gona a fadama, ya sayi injin ban ruwa. Can ƙarshe, ga wanda Allah ya buɗa wa, ya biya wa uwa ko uba kujerar Makka. Amma abin da ke saman jerin ba nasa ba ne: cike giɓin rumbun gidansu, saboda geron da aka girbe a watan Oktoba sau da yawa ba ya kaiwa damina ta gaba. Duk sauran buri sai ya jira wannan.

Yaushe ma za a cika talatin ɗin?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Ɗimbin mutanen karkarar Nijar an haife su a gida, ba a rubuta ranar a ko'ina ba. Tsofaffin takardu na ɗauke da rubutun Faransanci mai nufin an haifi mutum wajejen shekara kaza, a wasu kuma an zaɓar masa 1 ga Janairu. Shi ya sa in aka bi katin shaida, rabin majalisa ranar sabuwar shekara za su yi bikin haihuwa. Wasu kuma an rage musu shekaru lokacin sa su makaranta ko zana jarabawa, sai mutum ya tashi da shekaru iri biyu, na takarda da na uwa.

Na uwar sun fi zama daidai, don ita da abin da ya faru take lissafi. Wanda aka haifa a yunwar 1984 zuwa 1985, wadda ake kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a mulkin soja na Muhammadu Buhari, ya riga ya haura 40. Wanda aka haifa shekarar da aka karya darajar sefa, 1994 ke nan. Wanda aka ce ya zo duniya lokacin da Ibrahim Bare Mainasara ya karɓi mulki, a Janairun 1996, shekarar 2026 ce ta talatin ɗinsa. 'Ya'yan ƙarancin abincin 2005 kuwa yanzu suke kan ganiyar fita nema.

Hukumomi ma ba su haɗu a kan lamba ɗaya ba. Yarjejeniyar matasan Afirka da aka amince da ita a Banjul a 2006 ta ce matashi shi ne mai shekara 15 zuwa 35. A Najeriya, wanda ya haura 30 kafin ya gama jami'a ba ya zuwa hidimar ƙasa ta NYSC. A wajen malamai kuma 40 ce shekarar cikar hankali, wadda a cikinta aka aiko Manzon Allah (SAW). A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su wuce shekara 15 ba, ɗan talatin a ƙauye ba yaro ba ne, ana sa ran ganin 'ya'yansa a tsakar gida.

Rani goma sha biyu

Ainihin agogon saurayin Adar shi ne ci-rani. Da an ɗaure dammunan gero sai motoci su cika, wasu su nufi Kano, Legas ko Abuja, wasu Abidjan, Akara da Kwatano, wasu su bi ta Agadez zuwa Libiya da Aljeriya. Wanda ya fara fita yana ɗan 18, rani goma sha biyu yake da su kafin talatin. A kan waɗannan ake raba jerin: wannan ranin na bulo da kwano, na gaba na sadaki da lefe, biyu na babur. Duk shekarar da damina ta gaza, ko wani ya kwanta ciwo a gida, an zare ɗaya daga cikin goma sha biyun.

'Yan shekarun nan sun zare fiye da ɗaya. A tsakiyar 2023, kafin gwamnatin Bola Tinubu ta saki farashin naira, dalar Amurka ɗaya tana wajen naira 460 a hukumance. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan kowane ɗaya. Ma'ana, mai tura baro ko sayar da shayi a Legas zai iya yin aikin da ya yi bara, ya tara nairar da ya tara bara, amma in ya canza ta ya aiko ta Nita ko Amana, jikkunan da za su iso Bouza ba su kai na da ba. Kwano da siminti kuwa da sefa ake sayensu.

Ga kuma iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya rufe iyakar Najeriya da Nijar, ba a buɗe ta ba sai a Maris ɗin 2024, wato rani guda kusan cur. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar. Ta arewa, gwamnatin soja ta soke dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, hanyar Agadez ta sake buɗewa a fili. Sai dai Aljeriya ba ta daina kwaso mutane ba. 'Yan wasu ƙasashen ana sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi zuwa Assamaka, 'yan Nijar kuma a jero su cikin manyan motoci. Wanda aka kama a wurin aikin gini yakan dawo ba tare da kuɗin da ya bari a hannun mai aikin ba. A jerinsa, wannan shekara biyu ce ko uku ta tafi.

Albasa, ga mai haƙurin jira

Hanya ta biyu ita ce zama gida. Kwarin Tarka da ke ratsa yankin Madaoua da kwarin Maggia suna cikin manyan wuraren noman albasa a Nijar, irin nan ja da aka sani da sunan Galmi, wadda ake lodinta zuwa Ghana, Kwaddibuwa, Togo da Benin. Wannan ne ya sa injin ban ruwa ya shiga jerin samari, wani lokaci ma gaban babur.

Lissafinta a bayyane yake. Yawancin manoma suna cire albasa tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Wanda ya iya ajiye tasa a rudu har bayan damina zai sayar da tsada ƙwarai, ko da wani kaso ya ruɓe. Matsalar ita ce saurayin da ya ci bashin man fetur, taki da iri ba shi da wannan sararin. Mai bashi na jira, ranar aure an sa, dole ya sayar a bakin gona. Riba takan tafi wajen wanda ya riga ya gama nasa jerin, mai jarin saye ya ajiye. A ganina nan ne wa'adin da mutum ya ɗora wa kansa ke cutar da shi: gaggawar cika buri ɗaya a bana ita ke cinye kuɗin buri biyu na baɗi. Hanyar fitar da kayan ma ta ƙara tsawo da tsada tun da gadar Gaya da Malanville ta rufe a 2023.

Ƙasar da ake wannan noma ba haka kawai ta tsira ba. Tun 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Maggia don tare iska. A 1984 aka soma aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da haɗin gwiwar hukumar FAO, aka gina madatsun ruwa, aka jera duwatsu a kan tuddai, aka dasa itatuwa. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun mata ne, ana biyansu da abinci, domin mazan sun tafi ci-rani.

Jikokin waɗannan matan ba su cika samun damar jiran talatin ba. Alƙaluman UNICEF sun nuna kusan kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar da ke son kaiwa jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, wa'adinta na farko shi ne ta samu takardar BEPC kafin a karɓi goron wani. Bayan aure, jerin mace yakan koma akuya, keken ɗinki ko jarin ƙuli-ƙuli, kuma ta adashi ake cimma su, ko ta ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991.

Akwai abu ɗaya da ba ya cikin jerin yawancin samari, alhali shi ne mafi arha: takardar haihuwa, tasu da ta 'ya'yansu. Sai an zo neman katin shaida, fasfo ko rajistar jarabawa ake tunawa da ita. In an bayyana haihuwar jariri cikin wa'adin da doka ta tsara, a asibiti ko a cibiyar rajistar ƙauye, ofishin ƙaramar hukuma ne ke ba da takardar. In wa'adin ya wuce, sai an je gaban alƙali da shaidu, ko a jira ranar da kotun tafi-da-gidanka za ta zo garin. Yaran da ake haifa da rani, iyayensu maza suna Legas ko Sabha, sunan kawai ake aikowa ta waya.