Kare Na Audu, Tsintsiya Ta Kande

 A wannan mako za mu yi magana ne a kan 'yan littattafan nan masu hotuna da a ke saya wa ƙananan yara, musamman masu ba da labarin kare. Wata za ta ce, "Haba! Ina ruwanmu da kare? Mu nan 'Yankwashi ko Karkarna wa ya ke kwana da kare a ɗaki?" Gaskiyarki. Amma ki daure ki karanta har ƙarshe, gama a bayan karen nan akwai maganar 'ya'yanmu mata.

Yaro ɗan shekara uku ko huɗu bai san baƙi ba, bai san wasali ba, amma ya san hoto. In kin miƙa masa littafi sai ya zuba ido ya ga wa ke gudu, wa ke hawan itace, wa ke riƙe da igiyar kare, wa kuma ke tsaye bakin ƙofa yana kallo. Abin da ya gani sau goma, sai ya ɗauka haka duniya ta ke. Ita ma yarinya haka. In kullum Audu ne ke fita da kare, Kande kuwa tana tsakar gida da tsintsiya, to, an karantar da su wani darasi wanda ba a rubuta da tawada ba.

Karnukan littattafan Turawa

Yawancin littattafan kare da ke zuwa hannun yaranmu na Ingilishi ne, daga Ingila da Amurka, inda a ke ajiye kare a gida don sha'awa kawai. Wadda ɗanta ke makarantar kuɗi wataƙila ta ga na Peter da Jane, waɗanda kamfanin Ladybird na Ingila ya fara bugawa a 1964. Suna da kare mai suna Pat. A bugun farko Peter ne ke taimakon uba da aikin waje, Jane kuwa tana taya uwa haɗa shayi. Da ƙorafi ya yi yawa, a shekarun 1970 aka sake hotunan, aka canja wa Jane tufafi, amma rabon aikin bai canja sosai ba.

Ku duba su kansu karnukan da suka yi suna. Akwai Harry, kare mai ƙin wanka, na 1956. Akwai Clifford, jan ƙaton kare, na 1963. Akwai ɗan kwikwiyo Spot, na 1980. Duka ukun maza ne. Uwar Spot, watau Sally, a littafin farko aikinta ɗaya ne, neman ɗanta ya zo ya ci abinci. Jarumar karya da ta shahara ita ce Lassie, ta littafin Eric Knight na 1940. To, amma da aka zo yin sinimarta a 1943, namijin kare mai suna Pal aka sa ya fito a matsayinta!

Matan can ba su bar abin a bisa zato ba, sun zauna sun ƙidaya. A 1972 wata malama a Amurka, Lenore Weitzman, ita da abokan aikinta suka ɗauki littattafai 18 na yara waɗanda suka ci babbar lambar yabo ta hotuna ko suka kusa ci. Suka sami hoton namiji 261, na mace 23 kacal. Da suka duba dabbobi kuwa, sai suka ga maza 95 ga mace ɗaya. A 2011 wata malama kuma, Janice McCabe, da abokan aikinta suka bincika littattafai 5,618 da aka buga tun daga 1900 har 2000. Suka ga a kowace shekara namijin dabba shi ne jarumi a kashi 23 cikin ɗari na littattafan, macen dabba kuwa a kashi 7 da rabi.

Akwai wanda ya fi waɗannan ban mamaki. A 1987 aka gwada iyaye mata suna nuna wa 'ya'yansu hotunan dabbobi waɗanda ba a nuna ko maza ne ko mata ba. Kusan dukan dabbobin nan, da "shi" uwayen suka kira su. Ashe ba mai zane kaɗai ke da hannu a ciki ba, har da bakin uwa.

Namu na gida fa?

Harshen Hausa ba ya barin mai ba da labari ya ɓuya. Dole ki ce "ya tafi" ko "ta tafi". To, ku tuna da tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana da dare. Zaki shi ne sarkin dawa. Dila shi ne malamin daji. Gizo shi ne mai wayo, mai zuwa yawo ya dawo da labari, matarsa Ƙoƙi kuwa sau da yawa tana gida tana jiran abin da zai kawo. Wa aka bar wa "ta"? Kura, uwar haɗama da wauta, wadda kullum a ke yi wa dariya.

Kare ma bai tsira ba. Mun ce kare, mun ce karya, amma kalma ta biyun mun mai da ita zagi mai ciwo ga 'ya mace. Saboda haka da wuya marubuci ya yi ƙarfin halin sa karya ta zama jarumar littafinsa. Alhali duk wanda ya taɓa kusantar karya mai shayarwa ya san ba a fi ta tsaron abin da aka ba ta amana ba.

A ƙasarmu kare ma'aikaci ne. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, ya nuna ba a ajiye kare sai don tsaron shuka, ko rakiyar dabbobi wurin kiwo, ko farauta. Farautar rani ta maza ce, ba musu. Amma ku leƙa rugagen Fulani da ke tsakanin Roni da Gwiwa, ko gidajen gona na wajen Ɓaɓura. Wa ke zuba wa kare ƙanzo da sauran tuwo? Wa ke ba shi ruwa? Sau da yawa uwar gida ce ko 'yarta. 'Yar Fulani ta kan kora maruƙa da awaki, kare na biye da ita. Ke nan hoton da ya ce kare na Audu ne shi kaɗai bai faɗi gaskiyar zamanmu ba.

Addini ma bai ware mace daga tausayin dabba ba. A cikin Bukhari da Muslim akwai hadisin wata mata daga Bani Isra'ila, mai zunubi, wadda ta ga kare yana zagaya rijiya ƙishirwa za ta kashe shi. Ta cire takalminta ta ɗebo ruwa ta shayar da shi, Allah ya gafarta mata saboda haka. Ga labarin mace da kare wanda ya fi na Turawa daɗewa, ya kuma isa a zana wa yara.

Inda abin ya zama na rai da mutuwa

Kada wata ta ɗauka wannan gardamar 'yan boko ce kawai. Yaron da ke bin yayyensa farauta ya kan san halin kare, ya san mai wasa da mai shirin cizo. Yarinya kuwa an ce mata kare ba nata ba ne, ba wanda ya koya mata kome sai tsoro. Alhali ita ce ke ɗaukar talla ta shiga lungu-lungu, ita ke zuwa ɗiban ruwa da itace, ita a ke aika gidan da ba ta sani ba. In ta ga kare sai ta ƙwalla ihu ta sheƙa da gudu, gudun nan kuwa shi ke sa kare ya bi mutum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne da ba su kai shekara 15 ba. In alamun ciwon suka bayyana, da wuya a tashi. Amma ana iya tare shi tun da wuri. Ga abin da ya kamata kowane yaro ya sani, mace da namiji. In baƙon kare ya nufo ki, ki tsaya cik kamar itace, kada ki zura masa ido. Kada a taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana tare da 'ya'yanta. In an yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a garzaya asibiti a ranar don allurar rigakafi, ko da ciwon ɗan kaɗan ne. Kada yarinya ta ɓoye don tsoron faɗa. Masu karnuka kuma su kai su wurin likitan dabbobi a yi musu allura. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin irin wannan allura ta karnuka.

Abin da za mu iya yi

Na farko, uwa, in kin sayi littafi ko an ba ɗiyarki a makaranta, ki zauna ki ƙidaya da kanki. Maza nawa, mata nawa? Wa ke aiki, wa ke kallo? Ba sai kin ji Ingilishi ba, hoto ba shi da yare.

Na biyu, ba mu ce a jefar da littafin ba. In kina ba da labarin, ki gyara da bakinki. Yau kwikwiyon nan "shi" ne, gobe ki ce "ita" ce. Ki tambayi ɗiyarki, "Da ke ce, yaya za ki yi ki samo akuyar da ta ɓata?" Ki bar ta ta yi tunani ta ba ki amsa. Ki kuma nuna wa ɗanki cewa ɗaukar tsintsiya ba ya rage namiji, gama Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana taya iyalinsa aikin gida.

Na uku, naku ne 'yan makaranta, ku na Kwalejin 'Yan Mata ta Tarayya da ke Kazaure da na sauran makarantunmu. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Takarda huɗu da fensir sun isa ki rubuta wa ƙannenki labari da Hausa, ki zana yarinya mai kiwo da karenta, ko malama likitar dabbobi tana yi wa kare allura a kasuwa. Kada ki ce wa zai karanta. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙinta ta karantar da matan ƙauyuka ta hannun jajinta. Hajiya Hafsat Abdulwaheed kuwa, da littafinta So Aljannar Duniya ya fito a 1980, ta buɗe wa mata ƙofar rubuta labari da Hausa, ga shi yau marubuta mata sun cika Kano. Littattafan manya sun samu. Na ƙananan yara masu hotuna su ne ke jiran hannunku.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wadda ta ƙidaya hotunan littafin ɗiyarta, muna so ta rubuto wa wannan fili abin da ta samu, mu buga sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya raya mana zuriya, maza da mata, ya tsare su daga sharrin abin ƙi, amin. Sai mako mai zuwa.