Sanƙarau na sauya kama: me ya sa allurar da aka yi a da ba ta isa ba?

Jama'ar Ƙwanni, Malbaza da Illela, da ƴan uwa da ke saurarenmu daga ƙetare, lokacin ƙura da zafi shi ne lokacin sanƙarau. Akwai masu cewa: “Ai an yi muna allurarshi tun tuni.” Gaskiya ne an yi, amma akwai sauran magana.

Allurar rigakafi tamkar nuna wa mai gadi hoton ɓarawo ce. Ana sa wa jiki wani ɗan yanki na ɓawon ƙwayar cutar, wanda ba ya iya sa ciwo. Sai jini ya gane shi, ya haɗa sojojin da za su yaƙe shi. Ranar da cutar gaske ta shigo, sai ta tarar ana jiranta. Wannan shiri yana ɗaukar kamar kwana 10 zuwa sati 2, shi ya sa ba a jira sai ciwo ya shigo gida.

Matsalar ita ce, ɓarawon ba ɗaya ba ne. Ƙwayar sanƙarau tana da iri-iri, ciki har da A, C, W, X da Y. Daga 2010 zuwa 2011 aka yi wa ƴan shekara 1 zuwa 29 allurar MenAfriVac a Nijar, kuma irin A, wanda ya daɗe yana kashe mutane, ya kusan ɓacewa. Sai wani sabon nau'in C ya ɓullo a jihar Sakkwato a 2013. A 2015 ya faɗa wa Nijar: mutum wajen 8,500 suka kamu, sama da 500 suka rasu, musamman a Yamai da Doso. Allurar A ba ta san fuskar C ba.

Yanzu akwai allurar Men5CV mai kariya daga iri biyar ɗin gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2023, Najeriya da Nijar suka fara amfani da ita a 2024.

Mu da ke bakin iyaka, abin ya fi shafarmu. Mutum na iya ɗaukar ƙwayar a maƙogwaro yana lafiya lau, ya ci kasuwa nan, ya kwana can, tari ko atishawa su raba ta. In mafi yawan gari sun yi allura, cuta ba ta samun wurin bi, har jariran da ba su isa yi ba su tsira.

To, in ma'aikatan lafiya sun zo, a fito da yara da matasa, ko an taɓa yi musu a baya. Ku na waje, in kun bugo waya gida, ku tambayi katin rigakafin yara. Wanda kuma ya kamu da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai da sanƙarewar wuya, ko jinjirin da maɗigarshi ta kumbura, a kai shi likita nan take, kada a kwana. Allah ya ba mu lafiya.