Kafin Ka Ƙara Ruwa, Ka Duba Saiwa

Kowace damina iyalai da yawa a Kaura Namoda, da Shinkafi, da Zurmi, da garuruwa irin su Ɗan Isa, sukan sayi dashen itatuwa a leda su kawo gida: mangwaro, gwaiba, lemo da gwanda. A shekarun nan da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa, abin da aka shuka a tsakar gida ya ƙara daraja. Amma sau da yawa bayan 'yan makonni sai ganye ya yi yaushi, ya yi rawaya, ya fara zuba. Maigida ya ce ƙishi ne, a ƙara ruwa. Yara su yi ta ɗura masa safe da yamma, har dashen ya mutu. Kuɗi sun tafi, shekara guda kuma ta wuce a banza.

Ruwa ba ya tsami banza. Ganye yakan yi yaushi idan ruwa bai kai gare shi ba, gaskiya ne. Amma wani lokaci ƙasa ce ta bushe, wani lokaci kuwa saiwar ce ta mutu, ba ta iya shan ruwan da ke kewaye da ita. Saiwa tana numfashi kamar kowane mai rai. Idan ruwa ya cika dukan ƙofofin iska da ke cikin ƙasa, sai ta shaƙe, sa'an nan ƙwayoyin cuta su shiga su ruɓar da ita. Gwanda ta fi saurin kamuwa, gama kwana ɗaya ko biyu cikin ruwa kwance ya isa ya kashe ta.

Darasi daga furen okid

Akwai wani dangin furanni da a ke kira okid, irinsu ya fi 25,000 a duniya. Yawancin na ƙasashe masu zafi ba a ƙasa su ke tsirowa ba, a kan rassan itatuwa su ke zama. Ba su shan jinin itacen kamar kauci, wurin zama kawai su ke nema. Akwai wani a dazuzzukan Afirka da masana ke kira Ansellia, furensa dabbare-dabbare kamar fatar damisa. Saiwar okid tana da ɓawo mai kama da soso, fari-fari in ta bushe, kore in ta sha ruwa.

Masu kiwon okid a gida, a Asiya da Turai da Amurka, sukan sa shi cikin guntayen ɓawon itace da gawayi, a tukunyar roba wadda a ke ganin cikinta. Dalili kuwa, sun gane yawan ruwa ne ya fi kashe shi, domin haka sukan dubi saiwa tukuna kafin su ɗauki buta. Wannan hali ya kamata mu ma mu koya game da dashenmu.

Yadda za ka duba

In dashen yana cikin leda, ka tsage ta a hankali. In a tukunya ne, ka kife ta a tafin hannunka. In kuwa an riga an dasa shi, ka tona da hannu kamar taƙi ɗaya daga gindi, har ka tarar da ƙananan saiwoyi. Ka yi aiki da ido, da hanci, da yatsa. Lafiyayyar saiwa tana da ƙarfi, bakinta fari, ƙanshinta na ƙasar sabon ruwa. Ga abin da za ka iya tararwa in ba lafiya:

1. Ruɓewa. Saiwa ta yi baƙi ko ja-ja, ta yi laushi, tana wari. In ka ja ta, ɓawon ya saɓule ya bar zare siriri. Yawan ruwa ke nan. A lemo kuma akan ga ƙaro yana tsatsowa a gindi.

2. Ƙonewa. Saiwa ta bushe tana karyewa kamar tsinke. Baƙar leda da aka bari a rana a watan Afrilu, sa'ad da zafi ya kan wuce digiri 40, tana dafa saiwar da ke jikinta. Ɗanyen kashin kaji, da takin zamani da aka zuba dab da gindi, su ma suna ƙona ta.

3. Ƙululu. Saiwa ta kumbura ƙulli-ƙulli. Aikin wata tsutsa ce wadda ido ba ya gani, ta fi yawa a jigawa, tana kuwa son tumatir, da kuɓewa, da gwanda, da gwaiba. Kada ka rikita ta da 'yan ƙwayoyin da ke saiwar gyada da wake. Waɗannan a gefe su ke manne, suna ɓantaruwa da yatsa, cikinsu ja-ja ne, ƙasa kuma su ke gyarawa.

4. Gara. Saiwa da gindi sun zama kogo, cike da ƙasa.

5. Naɗewa. Dashen da ya daɗe a leda, saiwarsa takan naɗe kamar gammo. In an dasa shi haka ba ya girma sosai, iska kuma takan kā da shi.

Abin yi

Idan ruɓewa ce, ka wanke ƙasar, ka sa wuƙa a wuta ta huce, ka yanke duk ruɓaɓɓen wuri har ka kai ga fari. Ka rage ganye, gama saiwa kaɗan ba ta iya ciyar da ganye mai yawa. Ka sa shi a sabuwar ƙasa mai yashi, gauraye da ruɓaɓɓen taki, cikin tukunya mai huji a gindi, ka ajiye a inuwa mako biyu.

Uwargida, ki koya wa yara gwajin yatsa: a tura yatsa cikin ƙasa, in akwai danshi a bar ruwa sai gobe. A watan Agusta, lokacin marka, sau da yawa ba a bukatar ban ruwa ko kaɗan. Waɗanda gidajensu ke ƙasar laka kusa da kogin Gagare ko Bunsuru su yi tudu su dasa a kai. Ruwan wanki mai sabulu kuma a juya masa hanya.

Tumatir mai ƙululu a tuge shi a ƙone, a kafce wurin da bazara rana ta gasa shi, a shuka gero ko dawa a nan kafin a komo da tumatir. Domin gara, a kwashe busassun kara da itace daga gindi, a lura kuma kada dashen ya galabaita, gama mai rauni ta fi kamawa. Saiwar da ta naɗe a warware ta, a datse wadda ta lanƙwashe a gindin leda.

Kada ka yi saurin tugewa

Duba saiwa yana hana mu yar da abin da ke da rai. A 1983, kusa da Maradi, ƙetaren iyaka kaɗan daga Shinkafi, wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan ƙiraren da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututture ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin toho mafi ƙarfi suna rage sauran. Ta haka itatuwa suka komo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Haka ya ke a tsakar gida. Zogalen da ya kaɗe ganye da hunturu, ko gwaibar da akuya ta cinye, ka kankare ɓawon gindi da farce. In ka ga kore, saiwa kuma tana da ƙarfi, ka kewaye shi da ƙaya ka jira damina.