Kofin da ba za ka sha ba: zama a teburin Bafaranshe

Wanda ke zaune a Montreuil zai iya shekara guda bai haɗa tebur da kwalbar giya ba. Daga Robespierre zuwa Croix de Chavaux mahautan halal ne jere, ga gidajen abincin 'yan Mali da Senegal, ga zoɓo da ruwan citta a kowace firji. Amma ranar da aka ɗauke ka aiki a Faris, ko malamin da ke duba kundin digirinka a Lyon ya gayyace ka cin abincin dare, za ka tarar da kofuna biyu ko uku a gabanka, kuma wani na tsaye da kwalba yana jiran ka ɗaga kai.

Da yawa daga cikinmu a nan suke zamewa. Sai a ƙi zuwa liyafar ofis, a ce ciwon kai. Matsalar ita ce a Faransa a tebur ake sanin mutum. A nan ake jin labarin gurbin aikin da zai buɗe, a nan shugaba ke gane wanda zai iya tura wa baƙi. Wanda kullum ba ya nan, ba a ƙi shi ba, mantawa da shi ake yi.

Sai an san girman abin a wurinsu kafin a san yadda za a bi da shi. A 2010 UNESCO ta sa tsarin cin abincin biki na Faransawa cikin al'adun duniya da ake karewa, kuma haɗa abinci da giyar da ta dace da shi na cikin abin da aka rubuta. Dokar ƙwadago ta hana barasa a wurin aiki, amma ta ware giyar inabi da wasu uku masu sauƙin ƙarfi. Sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakin cin abincin makaranta. Duk da haka ƙasar ta sauya. A shekarun 1960 abin da ake sha ya haura lita 100 ga kowane mutum a shekara, yau bai kai rabin haka ba. Mai ciki, mai tuƙi, mai shan magani, matashin da bai ga dalili ba: masu cewa a'a sun yi yawa, kai ɗaya ne kawai a cikinsu.

Tsarin teburin ba shi da wuya. Ana farawa da abin da suke kira apéritif, ɗan abin sha da gyaɗa ko zaitun kafin a zauna. Ba a kai kofi baki sai kowa ya samu nasa, mai gida ya ɗaga, an ce “santé”. Idan ana karo da kofuna, a kalli idon mutum. Wannan ya fi ba Bahaushe wahala, domin mu an koya mana sunkuyar da kai gaban babba, su kuwa kau da ido a wannan lokacin rashin sakin jiki ne. Baƙo ba ya zuba wa kansa, mai gida ne ke zubawa, kuma ba a cika kofi, kashi ɗaya cikin uku ya isa. A gidan abinci za ka ga ma'aikaci ya ɗiga kaɗan ga wanda ya yi oda. Ba tambayarsa ake ko ta yi masa daɗi ba, dubawa ake ko murfin ya ɓata ta.

To, ya ake ƙi? “Non merci, je ne bois pas d'alcool”, da murmushi, tun kafin a zuba. Shi ke nan. Kada ka bari a cika kofin don kunya sannan ka bar shi, domin mai gida zai ɗauka zaɓinsa ne bai yi ba, ya tashi ya buɗo wata. Kuma a ganina doguwar hujja ba ta da amfani. Bafaranshe na ɗaukar addini a matsayin sirrin mutum, in ka buɗe wa'azi kai ka jawo muhawarar da za ta cinye daren. Mafi kyau ma ka faɗa tun ranar da aka gayyace ka, tare da maganar naman alade, don uwar gida ta shirya. Wasu za su yi maka tsiya cewa karo da kofin ruwa na kawo rashin sa'a. Camfi ne, a yi dariya a wuce. Shi kuwa hukuncin zama a teburin da ake shan giya, malamai sun yi magana a kai, akwai masu tsanantawa, akwai masu duba lalurar wanda ke zaune a irin wannan ƙasa. Wannan tsakaninka da malaminka ne, kuma gara ka tambaya kafin gayyata ta zo.

Ilimin haɗa giya da abinci, wanda suke yi wa kallon babban sirri, harshenmu ya san shi. Jar giya na da bauri irin na goro, shi ya sa ake ba ta da jan nama mai kitse: baurin na wanke maiƙo daga baki. Fara na da tsami, ana ba ta da kifi da kaza, aikin da lemun tsami ke yi a kan gasasshen kifi. Mai zaƙi irin Sauternes na tafiya da cuku mai gishiri kamar Roquefort. Ana farawa da mara nauyi a ƙare da mai nauyi. Ɗalibanmu da ke makarantun otal, da masu aikin kai abinci a tebur, dole su san wannan ko da ba su taɓa ɗanɗanawa ba, domin baƙo zai tambaya. Kuma da wannan ma'aunin za ka zaɓi naka: zoɓo mara sukari da yawa na yi wa tsire abin da jar giya ke yi wa naman sa, ruwan tsamiya na tafiya da kifi, ruwa mai gas ya dace da kowane abinci. Ruwan famfo a tulu, carafe d'eau, kyauta ne ga mai cin abinci.

Haɗarin ma ya fi yawa a faranti. Coq au vin da bœuf bourguignon a jar giya ake dafa su. Moules marinières da fondue na da fara. A kayan zaƙi akwai baba au rhum, crêpes Suzette, canelé, da yawancin tiramisu. Za a ce maka wuta ta ƙone barasar. Ba duka ba: binciken da aka yi a Amurka ya nuna bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 cikin ɗari na nan, bayan awa biyu da rabi ma akwai saura. Ka tambaya kai tsaye, ma'aikatan sun saba. Haka kwalbar da aka rubuta “sans alcool”: a Faransa giyar sha'ir na iya ɗaukar wannan suna da barasa har 1,2 cikin ɗari. A nemi 0,0.

Mutanen Lyon su ƙara kula. Gidajen abincin gargajiyar garin, bouchon, alade ne ginshiƙinsu, kuma giya na zuwa a kwalba mai kaurin gindi ta santilita 46 ba tare da wani biki ba. Ko tumbin sa da suke soyawa, tablier de sapeur, a farar giya ake jiƙa shi. Alhamis ta uku ta Nuwamba kuma ranar fitowar sabuwar Beaujolais ce, ofisoshi da yawa za su kira taro da yamma.

In za ka gidan mutum, ba dole ne ka riƙe kwalba ba. Cakulan ya isa, bayan ka duba ba mai barasa a ciki ba ne, ko dabino mai kyau, ko furanni. Ban da chrysanthème, wadda ake kaiwa maƙabarta ranar 1 ga Nuwamba. Kilishi da ya fi kowanne burgewa, sai dai kwastan ba sa barin matafiyi ya shigo da nama. Wasu matanmu a Montreuil sun samo mafita: lita biyu ta zoɓon gida da citta da na'a-na'a a kwalbar gilashi. Ana ajiye ta kusa da ta Bordeaux, kuma sau da yawa ita ke fara ƙarewa.