Waƙar Rarara da shafin da ya ɓace: ina ƙarfin mai sauraro ya tsaya?

A watan Yulin 2024 shafin Facebook na Dauda Kahutu Rarara, mai mabiya sama da miliyan ɗaya, ya ɓace. Hakan ya biyo bayan wata waƙar yabon Shugaba Bola Tinubu da ya saki, wadda ta fusata matasan Arewa har suka yi gangamin kai ƙarar shafin ga kamfanin. Da yawa daga cikin masu fushin ba baƙin waƙoƙinsa ba ne. Mutane ne da suka taka rawar "Masu Gudu Su Gudu" a zamanin guguwar Buhari, suka kuma haddace amshin "Jagaba Shi Ne Gaba" kafin zaɓen 2023.

Lokacin da waƙar ta fito shi ya ƙara mata zafi. Shekara guda kenan da janye tallafin man fetur, kuma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na watan Yunin 2024 sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.19 cikin ɗari, ta kayan abinci kuwa kashi 40.87. Kwanaki kaɗan suka rage a fara zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta. Ga mai sauraro a Kucheri, garin da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau a ƙaramar hukumar Tsafe, akwai wani ƙarin nauyi. Wannan hanya ce da direbobi ke gudun bi idan rana ta yi sanyi. A Wanzamai, maƙwabciyar garin, an sace mutane da dama a Afrilun 2023, yawancinsu yara da suka shiga daji neman itace. A Satumban shekarar aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu. Wanda ya bar gonarsa ba shuka saboda tsoro ba ya jin yabon gwamnati kamar yadda mazaunin Abuja ke jin sa.

Ra'ayin masu sauraro bai zo ɗaya ba. Akwai waɗanda suka raba kiɗa da saƙo: suna yaba gwanintar mawaƙin wajen zambo da habaici da saƙa amshin da ke maƙalewa a baki, amma ba su ɗauki maganarsa a matsayin shaida kan halin ƙasa ba. Akwai masu kare shi da cewa sana'a ce, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɓangaren da ya fi ɗaga murya shi ne mai ganin cewa mawaƙin da talaka ya ɗaga ba shi da hurumin gaya wa talaka ya ƙoshi. Fushin ya taɓa wuce gona da iri: da 'yan bindiga suka sace mahaifiyarsa a Kahutu, cikin ƙaramar hukumar Ɗanja, a ƙarshen Yunin 2024, an samu masu murna a kafafen sada zumunta. Abin kunya ne, musamman daga yankin da kusan kowane gari ya san ɗacin haɗa kuɗin fansa.

Hujjar masu cewa sana'a ce tana da tushe a tarihin Zamfara, domin ƙasar ta haifi manyan makaɗan fada. Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya ne, a Bungudu ta yau, ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Musa Ɗanƙwairo ya fito daga Bakura, Sa'idu Faru daga ƙasar Maradun. Dukansu suna da iyayen gida, kuma daga hannun ubangida riga da doki da hatsi ke fitowa. Jama'a na saurare suna jin daɗi, ba wanda ke tsammanin makaɗi ya kawo rahoton halin talakawa. Abin da ya canza shi ne ubangidan. Sarki ba ya neman ƙuri'ar mai sauraro, ɗan takara kuwa don ita yake ɗaukar mawaƙi. Waƙar siyasa talla ce, mai sauraro kuma shi ake so a saya. Yana da dalilin da zai tuhumi abin da aka gaya masa.

Sai dai tuhuma daban, iko daban, kuma wannan ya danganta da inda kuɗin mawaƙi ke fitowa. A Japan, wadda ita ce ta biyu a duniya wajen cinikin waƙoƙi bayan Amurka, har yanzu masoya na sayen faifan CD da kuɗinsu. Daga 2009 zuwa 2018 ƙungiyar mawaƙa mata ta AKB48 ta riƙa shirya zaɓe duk shekara: a cikin faifan ake saka takardar ƙuri'a, masoya su zaɓi waɗanda za su rera waƙa ta gaba, har wasu kan sayi faifai masu yawa don ƙara wa gwanarsu ƙuri'u. A can, idan masoya suka juya wa waƙa baya, kamfani zai gani a littafin ciniki.

A Tsafe ko Kwatarkwashi waƙa ba ta bin wannan hanya. Mai shagon cajin waya ne ke tura ta a memori, aboki ya tura wa aboki ta Xender ko WhatsApp, ɗan acaba ya kunna ta a tasha. 'Yan kuɗin da aka biya na mai turawa ne, ko sisi ba ya isa ga mawaƙi. Abincinsa yana wurin ɗan siyasar da ya sa a yi waƙar da tarukan da ake gayyatarsa. Sau ɗaya Rarara ya juya lissafin a fili: a 2020, da ake cewa farin jinin Buhari ya dushe, ya ce ba zai sake yi masa waƙa ba sai masoyan shugaban sun tura masa naira dubu ɗai-ɗai. Jaridu sun ruwaito an tara miliyoyi cikin 'yan kwanaki. Shekara uku bayan haka, a Oktoban 2023, shi da kansa ya fito gaban 'yan jarida ya ce Buhari ya lalata ƙasar kafin ya sauka. Waɗanda suka tura dubu-dubunsu ba su da inda za su kai ƙorafi.

Don haka maɓallin kai ƙara ya zama makamin da ya rage. Kamfanin Meta na cewa yawan masu ƙara ba shi ke sa a cire shafi ba, saɓa ƙa'ida ne, amma matasan sun ɗauki ɓacewar shafin a matsayin nasararsu. Nasara ce mai iyaka. Rufe shafi bai goge waƙa daga memori ko ɗaya ba, kuma gangamin na masu data ne da wayar zamani. Mutanen ƙauyukan Zamfara, waɗanda aka katse wa layukan waya baki ɗaya a Satumban 2021 da sunan yaƙi da 'yan bindiga, ba su cika shiga irin wannan ƙidaya ba, ko da yake su suka fi kowa hujjar yin magana.

Inda aka ƙirga ra'ayinsu shi ne akwatin zaɓe, kuma can ma amsar ba ta miƙe ba. A watan Fabrairun 2023 Tinubu ya lashe Zamfara. Makonni uku bayan haka, a ranar 18 ga Maris, masu zaɓen jihar suka kayar da gwamnan APC mai ci, Bello Matawalle, suka ba Dauda Lawal na PDP ƙuri'u 377,726, shi kuma ya samu 311,976. Waƙoƙin jam'iyyar ba su canza ba tsakanin zaɓukan biyu. A Agustan shekarar aka rantsar da Matawalle ƙaramin ministan tsaro, Rarara kuma ya ci gaba da yi wa Tinubu waƙa bayan ɓacewar shafinsa.