BA KUNNEN ƘASHI BA NE

A gidaje da yawa a kan sami yaro ɗan shekara uku ko huɗu wanda uwarsa za ta kira shi sau biyu, sau uku, bai waiwayo ba, sai ta ɗaga murya sa'an nan ya zabura. A aike shi ya ɗauko ludayi, ya komo da faifai. In ana taɗi sai ya tsura wa bakin mai magana ido, in kuwa an buɗe rediyo sai ya yi ta matsowa har ya kusa manna kunnensa a jiki. Abin da a kan ce da irin wannan yaro sananne ne, watau kunnen ƙashi gare shi, wani ma har ya sha ranƙwashi a kan haka. Alhali kuwa sau da yawa ba ƙin ji ya ke yi ba, maganar ce ba ta isa gare shi sosai, domin wani ruwa mai kauri ya taru a bayan dodon kunnensa. Wannan lalura tana da magani, ɗaya daga cikin magungunan kuwa shi ne ɗan aikin da likitoci ke yi na sa bututu a kunne.

Inda ruwan ke fitowa

A can ƙarshen ramin kunne akwai wata fata marar kauri, a miƙe kamar fatar kalangu, ita ce dodon kunne. A bayanta akwai ɗan ɗaki mai iska, da ƙasusuwa uku ƙanana waɗanda ke miƙa motsin sauti zuwa ciki. Iskar ɗakin nan tana shiga ne ta wata siririyar hanya da ta taso daga bayan hanci. Duk wanda ya taɓa hawa tudun Jos a mota, ya ji kunnensa ya toshe, ya haɗiye yawu ya ji ya buɗe, to, aikin hanyar nan ya ji. A jikin ƙaramin yaro hanyar gajera ce, a kwance ta ke, ga ta ƙunci, saboda haka mura kaɗan ta kan toshe ta. In ta toshe, iska ba ta shiga, sai ruwa ya cika ɗakin, a kwana a tashi ya yi danƙo kamar jiƙaƙƙen ƙaro. Kalangun da aka cika cikinsa da ruwa kuwa ba ya amo. Yaron yana ji, amma kamar mutumin da ya toshe kunnuwansa da yatsu.

Abin da ya sa lalurar ke ɓuya ga iyaye shi ne, galibi ba ta zuwa da zafi ko zazzaɓi, kuma ba abin da ke zubowa waje. Mafi yawan yara su kan yi ta aƙalla sau ɗaya kafin su isa shiga makaranta, ta washe don kanta ba wanda ya sani. Ta fi naci ga yaran da ke zaune cikin hayaƙin taba, da waɗanda a ke ba madarar kwalba suna kwance, da waɗanda aka haifa da tsagar ganɗa. Shan nonon uwa kuwa yana rage ta.

Asalin dabarar

Tun a 1801 wani likitan Landan, Astley Cooper, ya ba da labarin yadda ya huda dodon kunnen waɗansu mutane jinsu ya komo. Amma dodon kunne fata ce mai saurin warkewa, bayan 'yan kwanaki sai hudar ta rufe, kurumtar ta dawo. A cikin shekarun 1860 Adam Politzer, likitan kunne na birnin Biyana, ya gwada sa ɗan zoben danƙo don ya riƙe hudar a buɗe, abin bai ɗore ba. Sai a 1954 wani likitan Amurka, Beverly Armstrong, ya farfaɗo da dabarar da ɗan bututun roba, daga nan ta bazu cikin duniya. A shekarar 2006 kaɗai an yi wa yara kimanin 667,000 'yan ƙasa da shekara 15 wannan aiki a Amurka, har ya zama shi ne aikin da aka fi yi wa yara a can cikin ayyukan da ba a kwana asibiti.

Bututun kansa bai kai ƙwayar carbi girma ba, da huda a tsakiyarsa. Ba ya ƙara wa kunne ƙarfin ji kamar na'ura. Aikinsa ɗaya ne, ya zama taga inda iska za ta riƙa shiga ɗakin nan har lokacin da hanyar bayan hanci za ta girma ta kama aikinta.

Watanni uku na jira

Iyayen da suka bi wannan hanya, ko a wace ƙasa su ke, labarinsu ya kan yi kama da juna. Farkonsa shakka ce. Uwa ta kan riga kowa lura, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba, amma dangi su ce ai ƙuruciya ce, wane ma bai yi magana da wuri ba. Waɗansu kuwa sai malamin makaranta ya aiko cewa yaron ba ya bin karatu. Ran da aka gwada jinsa a asibiti, aka sa wata na'ura ta nuna dodon kunnen ba ya motsi, iyaye da yawa su kan ji abu biyu a lokaci ɗaya: sanyi a rai da aka san sunan abin, da kuma kunya in sun tuna faɗan da suka yi ta yi masa a kan laifin da ba nasa ba.

Sa'an nan sai abin da ya fi yi musu wuya ya biyo baya. Suna sa ran a ba da magani nan take, sai likita ya ce a koma gida, a dawo bayan wata uku. Wani uban ya kan ɗauka raini ne ko rashin kula. Ba haka ba ne. Ƙa'idar likitocin Ingila da ta Amurka duka ta tsaya a kan haka, domin a cikin watannin nan ruwan ya kan bushe don kansa ga yara masu yawa, kuma magungunan mura da na kashe ƙwayoyin cuta ba su kawar da shi kawarwa mai ɗorewa. Sai in ya wuce wata uku, a kunnuwa biyu, gwaji kuma ya tabbatar jin ya ragu, sa'an nan a ke kawo maganar bututu. A wannan tsakani akwai aikin da ke kan mutanen gida: a fuskanci yaron kafin a yi masa magana, a kira sunansa tukuna, a kashe rediyo in ana zance da shi, a roƙi malami ya zaunar da shi a sahun gaba.

Ranar aiki

In an yanke shawarar aiki, abin da ke hana iyaye barci ba hudar ba ce, maganin sa barci ne. A kan hana yaro abinci waɗansu awoyi kafin a shiga da shi, domin kada ya yi amai cikin barcin abin ya faɗa huhunsa, wannan umurni kuwa ba na wasa ba ne, ko da yaron yana kukan yunwa. A asibitoci da yawa a kan bar uwa ko uba ya riƙe shi har barci ya ɗauke shi. Iyaye su kan ce ganin jikin ɗansu ya saki farat ɗaya a hannunsu shi ne abin da ba su mantawa.

Aikin kansa bai cika wuce minti 15 ba. Likita ya kan duba ta madubin ƙara girma, ya yi 'yar tsaga a dodon kunne, ya zuƙe ruwan, ya dasa bututun. Duka ta ramin kunne a ke bi, ba yanka a waje, ba ɗinki. Wani lokaci a kan haɗa da cire wani nama da ke can bayan hanci in ya kumbura yana toshe hanya. Wannan nama dabam ya ke da hakin wuya da wanzamai ke cirewa, cire hakin wuya kuwa ba ya maganin wannan lalura ko kaɗan. Yaro ya kan farka da kuka da ruɗewa na ɗan lokaci, ya lafa, ya sha ruwa, galibi ran nan a ke komawa gida.

Abin da ke biyo baya shi ne iyaye suka fi son ba da labarinsa. Yaron da jiya a ke yi wa tsawa kafin ya ji, yau shi ne ke toshe kunne da hannu saboda ƙarar babur, yana waiwaye don jin zubar ruwa a randa ko kukan tsuntsu a kan katanga. Waɗansu su kan rage ɗaga murya in suna magana, waɗansu rigimarsu ta ragu, domin wanda ba ya jin abin da a ke faɗa masa dole ya yi ta fushi.

Abin da ba a cika faɗa ba

Amma labarin bai ƙare nan ba. Bututun ba na dindindin ba ne. Dodon kunne ya kan turo shi waje sannu a hankali, galibi tsakanin wata 6 da shekara ɗaya, wani ya ɗara haka, har wata uwar ta tsince shi a kan matashin kai, wata kuwa ba ta san ya fita ba sai likita ya faɗa. Kafin ya fita, yara da dama su kan yi zubar ruwa daga kunne, musamman in mura ta kama su, abin da ke tsorata iyaye, amma maganin ɗigawa a kunne ya kan tsai da shi. Ga kaɗan daga cikin yara hudar ba ta rufewa sai an sake aiki an lulluɓe ta. Waɗansu kuma ruwan ya kan dawo bayan bututun ya faɗi, a sake sa wani. Dā a kan hana yaro mai bututu shiga ruwa faufau, amma tun 2013 ƙa'idar likitocin Amurka ta sassauta, sai dai a kiyaye ruwan sabulu da ruwan kududdufi da nutso mai zurfi.

Akwai kuma tambayar da ta fi damun iyaye: in an jinkirta aikin, yaron zai koma baya a magana da karatu har abada? Wani likitan yara, Jack Paradise, da abokan aikinsa a birnin Pittsburgh na Amurka sun bi wannan tambaya shekara da shekaru. Suka ɗauki yara 429 'yan ƙasa da shekara uku masu ruwan kunne mai naci, suka raba su biyu, kashi ɗaya aka sa musu bututu nan da nan, kashi ɗaya aka jira har zuwa wata tara, aka sa wa waɗanda nasu bai washe ba. Da aka gwada su suna shekara 3, da 6, da kuma tsakanin 9 da 11, ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin ɓangarorin biyu wajen magana da karatu da fahimta. An buga sakamakon a 2001 da 2005 da 2007. Sai dai yaran nan masu lafiya ne in ban da kunnen. Yaron da ke da wata lalura a kan wannan, kamar tsagar ganɗa ko raunin gani ko jinkirin magana mai tsanani, hukuncinsa dabam ne, ba a cika jinkirta masa ba.

Ma'anar wannan ita ce, bututu yana komo da ji a watannin da yaro ke bukatarsa, ya sauƙaƙa masa zaman gida da na makaranta, amma ba tsere a ke yi ba. Iyayen da suka zaɓi aiki ba su yi kuskure ba, waɗanda suka jira bisa shawarar likita su ma ba su cuci ɗansu ba. Akwai ma hanya ta uku, watau a sa wa yaro na'urar ƙara ji na ɗan lokaci har ruwan ya bushe.

Kada a haɗa su

A ƙasar Hausa akwai waɗansu ciwace-ciwacen kunne biyu da ya wajaba a raba su da wannan. Na ɗaya, kunnen da ke zubar da mugunya mai wari wata da watanni. Wannan dodonsa ya riga ya huje, ba bututu ya ke bukata ba, wanki da magani ya ke bukata a asibiti, kuma ɗura masa man ja ko ruwan ganye ƙara ɓarna ne. Na biyu, kurumtar da ke bin bayan sanƙarau ko ƙyanda. Ita wannan a can cikin kunne ta ke, inda jijiyar ji ta ke, bututu ba ya kai wa gare ta, jira kuma hasara ne, sai a gaggauta kai yaro. Ido ba ya iya raba waɗannan uku daga waje, sai gwaji. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a Kaduna kuma akwai cibiyar ƙasa ta kula da lafiyar kunne, wadda aka kafa a 1999.

Saboda haka uban da ya ga ɗansa ba ya amsa kira, kafin ya ɗaga hannu, ya kamata ya koma bayan yaron inda ba zai ga bakinsa ba, ya kira sunansa a hankali. In ya waiwayo, to, madalla. In bai waiwayo ba, yau da gobe da jibi, to, maganar ta bar hannun mai horo, ta koma hannun likita.